Yadda Za Ki Ci Kujerar Gindin Bishiya Ba Tare da Kin San Ƙwallo Ba

'Yata, matso kusa ki buɗe kunne. In kika bi abin da zan zayyana miki daki-daki, na yi miki alkawari ranar da za a buɗe kwalbar hasashe sunanki za a kira, ko da ba ki iya bambance ƙwallo da kabewa ba. Ni ce Ozella Pettiford, shekarata saba'in da takwas. Daga aji shida aka tsame ni aka kai gonar auduga, amma shekara goma sha ɗaya a jere ina lashe hasashen wasan farko na Tarwaɗa, 'yan ƙwallon Kwalejin Harlow Ferry. Maza masu rediyo a kunne da jarida a hammata, duk na bi ta kansu.

Kin san al'adar, amma yaran yanzu sai an maimaita muku. Ranar Alhamis kafin wasan buɗe kaka, kowa ya rubuta makin da yake ganin za a tashi da shi, ya sa hannu, ya jefa a kwalbar da ke shagon gyaran gashi na Verlene. Asabar a buga wasa. Lahadi bayan sujada, Dattijo Purvis ya buɗe kwalbar a zauren coci, ya karanta kowace takarda da ƙarfi, har da sunan mai ita. Wadda tazarar makinta ta fi kusa da gaskiya, ita ke da kujera mai lilo da ke gindin bishiyar pecan a bakin filin wasa, har kaka ta ƙare.

Kada ki raina kujerar nan. Kin san ranar Satumba a Mississippi, tana iya soya ƙwai a kan sanƙon mutum, kuma duk filin inuwa ɗaya ce. Farantin farko na gasasshen haƙarƙari naki ne. Uwa-uba, ba mai shiga filin sai ya rusuna ya gaishe ki, kuma wanda ya rusuna bakinsa yana daidai kunnenki. A kujerar nan na san auren da zai mutu tun masu shi ba su sani ba.

Abin da ya faru bana kuwa, za mu zo wurin. Kada ki yi mini gaggawa.

Mataki na ɗaya: Kada ki kuskura ki koyi ƙwallon

Ilimi shi ke kai mutane ya baro. Marigayi mijina Cleophus ya san sunan kowane ɗan wasa, da nauyinsa, da sunan kakarsa, amma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa ɗosana mazaunansa a kujerar nan ba, sai in na tashi zagayawa.

Abin da ya kamata ki sani bai wuce wannan ba: ƙarti ashirin da biyu sanye da hular kwano za su duƙa su zuba wa juna ido, sai ɗaya ya yi ihu, su haɗu su danne wani bawan Allah a ƙasa. Mai rigar zane-zane ya busa usur, su tashi, su sake. Ƙwallon ƙafa suke ce masa, amma sai ki ci farantin abinci biyu ƙafa ba ta taɓa shi ba. Idan mutanenmu sun miƙe suna ihu, ki miƙe. Idan sun dafe kai, ki ce, "Alƙalin nan makaho ne." Da wannan kalma guda na yi shekara hamsin ana ce mini masaniya.

Mataki na biyu: Ki bi ta ƙofar baya

Jarida za ta gaya miki gudun yaro. Ba za ta gaya miki ko ya ci abinci ba. Wannan sai Odessa, mai dafa wa 'yan wasa abinci a kwalejin. Ki kai mata kek ɗin ayaba ranar Talata, ki zauna, ki yi kamar ciwon gwiwarta ya kawo ki.

Bana da na je, ko zama ban gama yi ba ta fara.

"Mama Ozella, Dontrell fa ba lafiya." Dontrell shi ne mai jefa ƙwallon, wanda duk garin ya ɗora wa rai.

"Ƙafa ce ko kafaɗa?"

"Ina fa! Zuciya. Yarinyar nan mai busa sarewa a ƙungiyar kiɗa ta mayar masa da rigarsa. A leda, Mama. A ledar shara! Jiya cinyar kaza ɗaya ya ci, yaron da ke tashi da takwas."

Na ce, "Ubangiji ya yi mana jinƙai. To sai me?"

Ta waiga dama da hagu. "Matar koci an gan ta tana sayen tarwaɗa."

Nan na ajiye cokali. Ke kin sani, makon wasa ba mai cin tarwaɗa a garin nan, ko jaririn goye ya san wannan. Ina za ka ci ɗan'uwanka sannan ka je kana masa tafi? Naman sa ake ci, tunda Bijiman Jami'ar Stovall muke karawa da su kowace shekara a wasan farko. Idan matar koci da kanta ta soya tarwaɗa, to gida ya riga ya sallama.

Mataki na uku: Ki zauna ƙarƙashin na'ura ta uku

Shagon Verlene na da na'urar busar da gashi guda uku, irin masu kifa wa mutum kwano a ka. Duk wadda ta shiga ƙarƙashi ba ta jin komai sai huuu, shi ya sa mata ke sakin baki a gabanta kamar ba ta nan.

Ta ukun ta mutu tun zamanin da Verlene ke da miji. Ni da ita kaɗai muka sani. Ki zo ranar Alhamis da sassafe, a wanke miki kai, ki shige ƙarƙashinta, ki lumshe ido, ki ɗan saki leɓe kamar mai gyangyaɗi. Za ki koma gida da jiƙaƙƙen gashi da mura, amma za ki san abin da kowa zai rubuta. Mai son zuma ba ya ƙin harbi.

Mataki na huɗu: Maki ɗaya tak

To, ga asirin. Wannan ko Cleophus ban gaya wa ba.

A garin nan ba wanda ya isa ya rubuta cewa Tarwaɗa za su sha kashi. Gara a kama ki da hannu a kwanon kuɗin baikon coci. Kakanninmu ne suka gina kwalejin nan da bulon da suka ɗauko a ka, saboda haka kowa nasara yake rubutawa: wannan ya ce za mu ci da tazarar ashirin, wancan ya ce talatin. Dattijo Purvis ya taɓa rubuta hamsin da babu, a shekarar da rabin yaran ke fama da gudawa.

Gaskiyar da ba a faɗa kuwa ita ce, Bijimai sun fi mu girma, sun fi mu ƙoshi, kuma shekara goma sha ɗaya suna tattake mu kamar an shanya hatsi a hanyar shanu.

Sai ki yi me? A baki, ki fi kowa cika baki. Ki ce za mu yi musu raga-raga, za mu yi kilishi da su. A takarda kuwa, ki rubuta Tarwaɗa za su ci da maki ɗaya tak. Bana sha huɗu da sha uku, baɗi ashirin da takwas da ashirin da bakwai, ki riƙa canzawa don kada a gane. Ba ki ci amanar gari ba, tunda nasara kika rubuta. Amma in an lallasa mu, duk cikin kwalbar ke ce kika fi kusa da lallasar. Kowa ya faɗi, ke kin fi kowa faɗuwa kusa da gida.

Ba wanda ya taɓa lura, don da an karanta takardar mutum hankalinsa ya koma kan kwaɗon dankali. Sai dai su ce, "Mama Ozella akwai hangen nesa." Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce baiwa ce.

Mataki na biyar: Ki yi hattara da wadda ta dawo daga birni

Kowane gari yana da tasa. Tamu ita ce Lurleen Gathers, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana koyar da lissafi a Chicago, ta yi ritaya ta dawo da tabarau mai sarƙa. Tare muka yi wasan ƙasa, na san ta tun tana yawo da majina, amma yanzu wai sai an ce mata Malama.

Tun bara ta tsaya a gabana ina lilo, rana na dukan ta, ta ce, "Sista Ozella, wace dabara kike bi haka?"

Na ce, "Addu'a, Malama. Ba a koyar da ita a Chicago ne?"

Ta yi murmushi. Daga baya na ji wai ta roƙi Verlene gwangwanin biskit ɗin da ake tara tsofaffin takardun hasashe, wai tana son rubuta tarihin coci. Ban kawo komai a raina ba. Tsohuwar malama ai ko takardar ƙunshin ƙosai ta gani sai ta duba kuskure.

Ranar Alhamis ina ƙarƙashin na'ura ta uku, ido a lumshe, sai ga ta ta zauna dab da ni. Ta leƙa fuskata, ta ce wa Verlene, "Baiwar Allah, ta yi barci." Sannan ta rage murya, amma ba can ƙasa ba.

"Verlene, ki rufa mini asiri. Ni bana gaskiya zan rubuta. Bijimai za su ci da tazarar ashirin."

Verlene ta saki mataji. "Malama! A kwalbata? Za su kore ki daga ƙungiyar mata!"

"Su kora. Lissafi ba ya ƙarya. In ina zaune a inuwa, wa ya dame ni da zagin wanda ke tsaye a rana?"

'Yata, nan na yi nawa lissafin. Ba sai na je Chicago ba na gane: in aka lallasa mu kamar kullum, mai rubuta faɗuwa ta fi mai rubuta maki ɗaya kusa. Kujerata ta tafi ke nan. Na tuna Dontrell da cinyar kazarsa guda, na tuna tarwaɗar matar koci. Na ce a raina, in za a yi cin amana, ai ba baƙuwa ce za ta fi ni iyawa ba. In mu biyu ne, zagin ma rabawa za a yi, kuma ni a zaune zan karɓi rabona.

Na fito da alƙalamina mai shunayyar tawada, wanda duk garin ba mai irinsa, na juya baya, na rubuta: Bijimai arba'in da biyu, Tarwaɗa uku. Na sa hannu, har da lanƙwasar da nake yi a ƙarshen sunana. Na ninke sau huɗu, na jefa, na ɗaga murya na ce, "Bana sai mun yi miya da ƙashin Bijimai!" Shago ya ɗauki tafi.

Darasin matakin nan shi ne: duk abin da na gaya miki a mataki na huɗu, ki riƙe shi ko da sama za ta faɗo. Ki bi abin da na ce, kada ki bi abin da na yi.

Mataki na shida: Yadda ake murna alhali ciki na kuka

Wannan matakin ba kowa zai buƙace shi ba, amma ki ajiye, ba a san ranar ba.

Asabar na sa rigata kore, na ci farantin farko, na shiga fili hankali kwance ina jiran a fara tattake mu. Kafin in gama gyara zama, Dontrell ya wurga ƙwallon nan tun daga wancan ƙarshen, wani dogon yaro ya cafe ya ruga. Fili ya kaure. Ashe ɓacin zuciya iri biyu ne, akwai mai kwantar da mutum, akwai mai mayar da shi zaki, kuma Odessa ba ta gaya mini wanne ba ne. Duk jifan da zai yi sai ya kalli wajen masu kiɗa, kamar kan mai sarewar yake auna.

Da muka sake ci, bakina ya suɓuce na ce, "Wayyo ni!"

Verlene ta juyo. "Lafiya, Ozella?"

"Daɗi ne, 'yar nan. Daɗi ne ya soke ni a haƙarƙari."

To ga dabarun. Ki riƙa tafi a hankali ki ce amosanin gaɓɓai ne. Ki rufe fuska da mafici, za a ɗauka addu'a kike yi, kuma addu'ar kike yi, sai dai ba wanda ya san wa kike yi wa. In hawaye ya zo ki bar shi, rabin tsofaffin wurin ma kuka suke.

Saura daƙiƙa uku a tashi, muna da sha bakwai, suna da sha shida, kuma ɗan wasansu zai buga ƙwallo ta tsakanin dogayen ƙarafuna biyu da ke ƙarshen fili. In ta shiga sun ci. Mutum dubu huɗu suka riƙe hannun juna suna kiran Yesu. Ni ma ina kiran sa, amma kin san ba ya amsa wayar munafuki. Ƙwallo ta tashi, ta yi kamar za ta shiga, ta daki ƙarfe, ƙwal, ta dawo.

Sha bakwai da sha shida. Maki ɗaya tak. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi yana ƙin zuwa, sai shekarar da na juya masa baya ya ɗauko jaka ya zo.

Verlene ta rungume ni tana tsalle. "Ozella! Ba ke ce kullum mai 'yar ƙaramar tazara ba? Jama'a, Mama Ozella ta faɗa!" Kafin in buɗe baki, ƙarti huɗu sun ɗaga ni da kujerar lilo suna zagaya bishiya. Fasto Ledbetter ya kama hannuna ya ce, "Uwa, a zamanin da can, irinki ake kira annabiya." Matar koci ta sumbace ni, na shaƙi bakinta, na tambaye ta zancen tarwaɗa. Wai kyanwarta ta saya wa. Kyanwa!

Daga can nesa, cikin rana, Lurleen ta ɗago mini kofin shayi mai ƙanƙara. Na ce a raina, sha, munafuka, gobe tare za a rataye mu.

Mataki na bakwai: Ki musa

Lahadi da safe za ki so ki kai hannu kan kwalbar. Kada ki wahalar da kanki. Dattijo Purvis a hammata yake riƙe da ita har lokacin addu'a, kuma ido ɗaya kawai yake rufewa. Na gwada suma a bakin ƙofa, sai ya miƙa wa matarsa kwalbar kafin ya taro ni.

A zaure aka ajiye ni a teburin gaba, aka sa mini fure a ƙirji. Dattijo ya fara karantawa, talatin da bakwai, arba'in da goma, ana dariya. Sai ya ɗauko wata.

"Malama Lurleen Gathers." Na gyara zama, na shirya fuskar mamaki. "Tarwaɗa ashirin da ɗaya, Bijimai ashirin."

Na ji kamar an watsa mini ruwan ƙanƙara. Zaure ya ce, "Iye! Ita ma maki ɗaya! To bari mu ji ta Mama."

Ya warware ninki huɗu. Ya karanta a zuci. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dube ni kamar likitan da ya ga abin da ba ya son faɗa.

"Karanta mana, Dattijo!"

"Bijimai arba'in da biyu, Tarwaɗa uku."

Wata ta saki cokali. Odessa ta ce, "Uku, Mama? Ko bakwai ba ki ba yaran nan ba? Ni da nake dafa musu?"

A nan ne za ki nuna tarbiyya. Ki miƙe a hankali, ki dafa ƙirji, ki ce ba rubutunki ba ne. In an nuna miki shunayyar tawada, ki ce an sace miki alƙalami. In an nuna miki yana maƙale a jakarki, ki ce ɓarawon mai tsoron Allah ne, ya dawo da shi. In an nuna lanƙwasar sunanki, ki ce ranar ba ki sa tabarau ba. Ni duk na faɗa, bi da bi. Fasto ya miƙo hannu a hankali ya zare furen.

Da ake watsewa na tare Lurleen a bakin teburin kek.

"Ke ba faɗuwa kika ce za ki rubuta ba?"

Ta buɗe ido. "A ina kika ji, Sista Ozella? Ai barci kike yi, na'ura na huuu a kanki."

Na yanki kek na cusa a baki.

Ta matso, ta gyara mini kwalar riga. "Takardunki goma sha ɗaya na jera a kan tebur, ko ɗan aji biyu zai gano. Na'ura ta uku kuwa, ko wayar wuta ba ta da ita. Shekara talatin da biyar ina kama yara masu barcin ƙarya, 'yar'uwa."

Mataki na takwas: Yadda ake zaman rana da mutunci

Ki sayi kujera mai naɗewa da hula mai faɗi. Ki kafa kusa da bishiyar, amma ba kusa sosai ba, kada a ce kina kwaɗayi. In yara sun wuce suna yi miki kukan shanu, ki rubuta sunayen iyayensu, akwai ranar amfani. In an kira ki Mama Bijimi, ki ce kunnenki ya yi nauyi.

Ba zafin rana ne ya fi ci mini rai ba. Ina ji ina gani mutane na rusuna wa Lurleen suna raɗa mata zance mai zafi, ita kuwa sai ta gyaɗa kai ta haɗiye. Ba ta kai wa kowa! An ba kurma rediyo. Wannan ai almubazzaranci ne.

A wasan gida na biyu, ina fifita, na ji ta yi gyaran murya ba tare da ta dube ni ba.

"Sista Ozella, wai wane ne mutumin nan mai farar mota da ya sauke ƙanwar koci?"

Na dubi sama. "Daga nan ba na ji sosai, Malama. Rana ta toshe mini kunne."

Ta yi lilo sau biyu. "Inuwar nan dai tana da faɗi."

Ni ban matsa ba, kowa ya shaida. Kujera mai naɗewa ce, ƙasar wurin kuma gangare ce. Kafin a tafi hutun rabin lokaci dai kafaɗata ta hagu na cikin inuwa, ita kuma ta san mai farar mota, da matarsa ta farko, da dalilin da ya sa ya bar Memphis. Ta kuma ɓalle mini rabin farantin farko, wanda na karɓa don kada a yi asarar abinci. Baɗi kuwa, Verlene ta ce za ta gyara na'ura ta uku. Na ce ta gyara, kunnena ai ba a jikin na'ura yake ba.

Abin lura

Duk wadda ta bi waɗannan matakai ta ci kujera, ta tuna wa ya koya mata, kuma ina son haƙarƙarina da yaji. Wadda kuwa ta bi aka yi mata kukan shanu, ko aka zare mata fure a gaban jama'a, ko mura ta kama ta, ko ƙungiyar mata ta daina gaishe ta, ita da Ubangijinta. Ban san ta ba, ban taɓa ganin ta ba, ba ruwana da ƙwallo. In kuma wani ya kawo miki wannan takarda ya nuna miki shunayyar tawada da lanƙwasa a ƙarshen suna, ki gaya masa ba rubutuna ba ne. Ranar ban sa tabarau ba.